Yadda Ake Rage Motoci a Garin Wasan Zamiyar Ƙanƙara: Jagora Mataki-Mataki

A tsaunukan Alps na Turai da na Rocky a Arewacin Amurka akwai ƙananan garuruwa da abincinsu ya rataya a kan dusar ƙanƙara. Da hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Afrilu, sai baƙi su yi ta kwarara, su ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafa, na'ura ta haura da su saman tsauni, su sulalo ƙasa. Garin da mazaunansa ba su wuce dubu shida ba, irin Zermatt ta ƙasar Suwizalan, yakan ɗauki baƙin da suka ninka 'yan gari sau da yawa. Galibin waɗannan garuruwa kuwa a cikin kwari suke, tsauni dama tsauni hagu, hanyar shiga ƙwaya ɗaya.

Nan matsalar take. Ba filin faɗaɗa titi, ƙanƙarar da aka share ta cinye gefensa, mota ɗaya ta zame ta gitta sai layi ya tsaya cak har tsawon kilomitoci. A kwanakin da iska ta kwanta, sanyi kan danne iskar kwarin ta kasa tashi, hayaƙin motoci da na murhun gidaje su taru a kan mutane. Mazauna kwarin Arve, hanyar zuwa Chamonix a Faransa, sun daɗe suna kuka da wannan. Lissafin da aka yi a wuraren zamiya na Faransa ma ya nuna fiye da rabin hayaƙin da ke ɗumama yanayi daga zirga-zirgar zuwa da komawa yake fitowa, na'urorin hawa tsaunin kansu kaso kaɗan ne.

Abin da garuruwan da suka yi nasara suka gane shi ne, allon "an hana mota" shi ne abu na ƙarshe da ake kafawa. Kafin nan sai an tanadi inda mutum zai ajiye motarsa, da abin da zai ɗauke shi daga can, da wanda zai ɗaukar masa kaya. Ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na farko: a san waye a cikin motar

Kafin a zana komai a takarda, a fita a ƙirga. A sa na'urar ƙirga motoci a mashigar gari, ta yi aiki hunturu guda cur, domin ranar Talata ta tsakiyar Janairu da Asabar ɗin hutun makarantu ba su da haɗi. Sai dai na'ura adadi kawai take bayarwa. Dole a tsayar da mutane a wuraren fakin da sassafe suna tambayar direbobi: daga ina? mutum nawa a motar? kwana za a yi ko yini? aiki aka zo ko wasa?

Amsoshin kan raba jama'a gida huɗu. Akwai baƙon da ya zo ya yi mako, motarsa ta shigo sau ɗaya ta kwanta. Akwai ɗan yini, wanda ya taso daga birni mafi kusa, ya shigo da hantsi ya fita da la'asar, shi ne ke haddasa cunkoson safe da yamma. Akwai ma'aikaci: mai dafa abinci, mai gyaran ɗaki, mai kula da na'urar hawa, wanda tsadar haya ta kora can ƙasan kwari. Sai masu kawo kaya da 'yan gari. Kowane rukuni da maganinsa, kuma garin da ya kashe kuɗinsa a kan baƙon mako alhali 'yan yini da ma'aikata ne suka cika masa titi, ya yi aikin baban giwa.

Idan an gama ƙirga, a tsayar da adadi guda a bainar jama'a. Garin Aspen da ke jihar Kolorado ta Amurka ya yi haka: ya ɗauki alkawarin cewa motocin da ke tsallaka gadar Castle Creek, mashigar garin, ba za su wuce yawansu na shekarar 1993 ba. Amfanin irin wannan ma'auni shi ne kowa na iya fahimtarsa, kuma duk wani sabon otal ko sabon filin fakin da aka kawo gaban majalisar gari, tambaya ɗaya ce: zai ƙara motoci a kan gada ko ba zai ƙara ba?

Mataki na biyu: a zaɓi inda mota za ta tsaya

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, don haka a daɗe a kansa. Motar da ta riga ta shigo tsakiyar gari ta gama ɓarnarta, ko da an caje ta kuɗi mai yawa. Ana so a tare ta tun a ƙasa, inda kwarin ya buɗe kuma fili bai yi tsada ba.

Zermatt ce misalin da kowa ke kawowa. Motar baƙo ba ta wuce ƙauyen Täsch, kimanin kilomita 5 kafin garin. A can akwai katafariyar tasha mai rufi da ke ɗaukar motoci kusan 2,100, haɗe da tashar jirgin ƙasa a gini ɗaya. Mutum zai fito daga motarsa, ya jawo amalanken kaya, ya loda akwatuna da allunan zamiya, ya tura shi a kan daɓe mai laushi har cikin taragon jirgi ba tare da ya hau matakala ko ya taka ƙanƙara ba. Jirgin na tashi kowane minti 20, tafiyar minti 12 ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a waje cikin sanyin da ya kai ƙasa da sifiri, yara biyu na kuka, hannu ya ƙage, ya san cewa rufin nan da daɓen nan su ne suka sa tsarin ya karɓu.

Wanda ya sauke farali zai gane hikimar da sauri. Hukumomin Saudiyya ba sa barin ƙananan motoci su shiga Mina da Arfa a kwanakin aikin Hajji, manyan bas-bas da jirgin da aka buɗe a 2010 ne ke jigilar alhazai, domin fili ƙanƙane ne, jama'a kuma lokaci ɗaya suke motsi.

Ba kowane gari ke da jirgin ƙasa ba. Zermatt ta gaji nata ne tun 1891, kafin mota ta zama abin hawan kowa. Aspen filin fakin kyauta ta tanada a mahaɗar Brush Creek, kafin a kai gari, bas na kwasar mutane daga can zuwa Aspen ko maƙwabciyarta Snowmass ba tare da biyan ko sisi ba. Banff ta Kanada ta yi nata a harabar tashar jirgin ƙasa, inda ake iya takawa zuwa tsakiyar gari.

Wajen zaɓen wurin, a duba abubuwa uku. Ya kasance a kan hanyar da direba ke bi, kafin inda cunkoso ke farawa; idan sai ya sha rabin go-silo sannan ya iso, zai ce gara ya ƙarasa. Ya kasance ba ya cikin hanyar zaftarewar ƙanƙara ko ambaliya, taswirar haɗari ta yankin za ta nuna wannan. Sannan a samu ɗakin jira mai ɗumi, da makewayi, da wurin sayen tikitin hawa tsauni. Allon lantarki a kan babbar hanya mai sanar da cewa fakin na cikin gari ya cika yana juyo da direbobi fiye da dogon wa'azi a kan muhalli.

Mataki na uku: abin da zai ɗauki mutum daga can

Doka ɗaya ce a nan: kada mutum ya buƙaci duba jadawali. Idan bas na zuwa kowane minti goma ko sha biyar, fasinja zai fito kawai ya tsaya. Idan sai bayan awa guda, ya koma motarsa, kuma ba zai sake gwadawa ba.

A fara da bas, don shi ya fi araha kuma ana iya sauya masa hanya idan an ga kuskure. Amma bas ɗin da ya maƙale a cikin cunkoson da ƙananan motoci suka haddasa ba shi da abin da zai yi wa kowa tayi. Sai an ware masa layinsa, ko da a wuraren da titi ke shaƙewa ne kawai, an kuma ba shi fifiko a fitilun hanya. Hukumar sufuri ta kwarin Roaring Fork, inda Aspen take, ta buɗe irin wannan layin bas mai sauri a 2013, tsakanin Glenwood Springs da Aspen, tafiyar kusan kilomita 65, shi ne na farko a yankin karkara a Amurka. Motocin su zama masu faɗin ƙofa da ƙasa-ƙasan dandamali, domin takalmin zamiya ƙato ne mai tauri, mai shi tafiyar agwagwa yake yi, ga alluna a kafaɗa.

Inda gari ya kasu biyu, wani sashe a ƙasa wani a kan tudu, motar igiya mai tafiya a sama takan fi bas. Tun 1996 ake da irinta tsakanin Telluride da Mountain Village a Kolorado, kyauta, tana yin tafiyar a kusan minti 13, alhali ta titi sai an zagaye tsauni kilomita 13. A Faransa, wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Bourg-Saint-Maurice yakan tsallaka ya shiga jirgin da igiya ke ja, cikin 'yan mintuna ya kai wurin zamiya na Les Arcs. Ƙauyen Serfaus na Ostiriya kuwa ƙarƙashin ƙasa ya bi: a 1985 ya buɗe ɗan jirgi mai tsawon hanya mita 1,280 da tasha huɗu, yana ɗaukar mutane kyauta daga filin fakin na bakin ƙauye zuwa gindin na'urorin hawa, titin sama ya zama na masu tafiya a ƙasa.

Shawarata ita ce kada kyan waɗannan manyan ayyuka ya ruɗi majalisar gari. Suna cin kuɗi da shekaru, wani lokaci da shari'a. A jihar Utah ta Amurka, hukumar sufuri ta zaɓi motar igiya don kwazazzabon Little Cottonwood a 2023, nan take ƙararraki suka biyo baya a kotu. Garin da ya zauna jiran babban aiki bai ƙara bas ko ɗaya ba, shekara goma za ta same shi a inda yake.

Mataki na huɗu: kaya, da shawarar da ake yankewa tun a gida

Ga abin da masu zanen taswira ke yawan mantawa. Iyali mai mutum huɗu da zai yi mako yana tafe da akwatuna huɗu, alluna huɗu, takalma huɗu masu nauyi, hulunan kwano, wataƙila da keken jariri. Uban gidan ba don ƙaunar tuƙi ya ɗauko mota ba, tunanin sauya jirgi sau biyu da wannan lodi ne ya tsorata shi. Don haka duk abin da zai rage masa kaya ya rage mota.

Kamfanin jiragen ƙasa na Suwizalan yana karɓar kaya ya kai wa mutum har tashar da zai sauka, a wasu wuraren har masauki. Gari na iya haɗa kai da shagunan haya su ba da rangwame ga wanda ya nuna tikitin jirgi, don kada ya ɗauko allunansa tun daga gida. A gindin tsauni a tanadi akwatunan ajiya masu ɗumi, mai wasa ya bar takalmansa su bushe cikin dare, ya koma masauki da takalmin yau da kullum. A tashar sauka kuma motar otal ta kasance tana jira.

Ƙauyen Werfenweng na jihar Salzburg a Ostiriya, mai mutane kusan dubu, ya gina sunansa a kan wannan tun shekarun 1990. A tsarin da ƙauyen ya fara da shi, baƙon da ya zo ta jirgin ƙasa, ko ya zo da mota amma ya miƙa makullinta, yana samun katin da ke ba shi damar ɗauko shi daga tashar Bischofshofen, da tasi ta cikin ƙauye, da ƙananan ababen hawa masu lantarki. Abin lura, tun a lokacin kama ɗaki ake gaya masa haka. Idan shafin otal ya fara da bayanin yadda ake zuwa da mota, bayanin jirgi na can ƙasa da ƙananan haruffa, to an riga an yanke wa baƙo shawara. A juya tsarin, a kuma haɗa kuɗin bas a cikin tikitin hawa tsauni ko katin baƙi.

Wani abu kuma: a Alps na Faransa al'ada ce hayar ɗaki ta fara Asabar ta ƙare Asabar, shi ya sa hanyar kwarin Tarentaise ke toshewa a ranar. Idan otal-otal da masu gidajen haya suka yarda wasu su koma Lahadi ko Juma'a, an rage cunkoso ba tare da an zuba kwalta ko taku ɗaya ba.

Mataki na biyar: yanzu a taɓa fakin

Sai an kammala matakan baya ake zuwa nan. Muddin fakin a gindin tsauni kyauta ne kuma wadatacce, bas zai yi ta yawo fanko. Aspen ta fara karɓar kuɗin fakin a tsakiyar gari a 1995, an yi ta ƙorafi, amma tsarin ya zauna. Wurin zamiya na Solitude a Utah ya fito da dabara mai kyau a 2019: motar da ta ɗauko mutum ɗaya ko biyu dala 20, mai mutum uku dala 10, mai huɗu ko fiye dala 5. Direba da kansa zai nemi abokan tafiya. Wasu wuraren sun ƙara da sharaɗin kama gurbi ta intanet a ranakun Asabar da Lahadi, wanda bai samu ba ya san tun daga gida cewa bas zai hau, ba sai ya zo yana zagaye gari yana neman inda zai saka mota ba.

Farashin ya riƙa sauka daga tsakiya zuwa waje: mafi tsada a gindin tsauni, matsakaici a gefen gari, kyauta a tashar tarewa. A ba unguwannin zama takardar izini, in ba haka ba duk motocin da suka guje wa biya a ƙofar gidajen mutane za su tare. A kuma duba dokar gini. Garuruwa da yawa na tilasta wa kowane sabon otal ya gina gurbin mota ga kowane ɗaki. Wannan gayyatar mota ce da hannun hukuma. A sassauta ta, mai ginin ya zuba kuɗin a asusun sufuri.

Mataki na shida: ma'aikata

Mai toya burodi yana fara aiki kafin asuba, mai wanke kwanuka yana tashi bayan sha biyun dare. Idan bas ɗin farko ƙarfe takwas yake fitowa na ƙarshe kuma shida na yamma, an tsara shi ne don masu hutu, an bar waɗanda ke riƙe da garin da biyan kuɗin fakin daga ɗan albashinsu. Wannan zalunci ne, kuma yana rusa shirin, domin su ne ke shigowa kullum. Jadawali ya bi lokutan canjin aiki, masu otal su saya wa ma'aikatansu katin bas na kakar gaba ɗaya.

Maganin da ya fi dorewa shi ne ma'aikaci ya kwana inda yake aiki. Whistler ta Kanada ta kafa hukumar gidaje a 1997, da burin kashi 75 cikin ɗari na ma'aikatan garin su zauna a cikinsa, a gidajen da aka ƙayyade kuɗin hayarsu da na sayensu. Kowane ɗaki irin wannan mota ɗaya ce da ba za ta hau hanya sau biyu a rana ba.

Mataki na bakwai: cikin gari

Ko garin da ya hana mota yana buƙatar a kawo masa nama da gas da siminti, a kwashe masa shara. A Zermatt ƙananan motocin lantarki masu siffar akwati ne ke wannan aiki, ba sa wuce gudun kilomita 20 a awa, kuma sai mai sana'a da ya samu izini ke mallakarsu. A Avoriaz ta Faransa, wadda aka gina ba mota tun shekarun 1960, dawakai ne ke jan keken baƙi a kan ƙanƙara. Inda ba a kai nan ba, a ƙayyade wa masu kawo kaya sa'o'in safe, a tara kayan a rumbu ɗaya a bakin gari. Motar asibiti da ta kashe gobara, da masu buƙata ta musamman da tsofaffi, a rubuta hakkinsu ƙarara tun farko. Motar share ƙanƙara kuma ta fara da hanyar ƙafa da tashar bas kafin filin fakin.

Mataki na takwas: kuɗi da yardar 'yan gari

Sayen bas abu ne mai sauƙi a kan biyan direbansa shekara ashirin. Dole a samu mashigar kuɗi tabbatacciya: kuɗin fakin, harajin kwana a otal, wani kaso daga tikitin hawa tsauni. Motar igiyar Telluride ta daɗe tana rayuwa da kuɗin da ake cirewa idan an sayar da gida a Mountain Village, da wa'adin yarjejeniyar ya kusa cika sai aka koma ga masu zaɓe a 2024, suka amince da sabon haraji. A rubuta a doka cewa kuɗin fakin sufuri zai koma, mutane su gani da idonsu. A Banff mazauna gari na hawan bas na cikin gari kyauta, wanda ya sa kuɗin fakin da aka fara karɓa a 2021 ya fi shiga rai.

Banff ɗin dai ita ce ke da darasi mai ɗaci. Daga 2020 ta riƙa rufe wani sashe na babban titinta ga motoci a lokacin zafi, baƙi na jin daɗi, masu gidajen abinci na baza kujeru a waje. Amma motocin da aka kora sun koma bi ta unguwannin zama, mutane kuma suka shiga fargabar yadda za a fice idan gobarar daji ta taso. A watan Agustan 2024 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, masu adawa suka yi rinjaye, aka buɗe titin. Saboda haka kafin a rufe kowane titi a ƙirga motocin titunan da ke maƙwabtaka da shi, a zauna da hukumar kashe gobara a fitar da hanyar ficewa, a fara da gwajin kaka ɗaya, a kuma wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Wajen jera aikin, shekarar farko ta ƙirga ce da ƙara bas da tattaunawa da masu otal. Ta biyu a buɗe tashar tarewa, ko da fili ne da aka zuba wa tsakuwa da ɗakin jira na wucin gadi. A ta uku kuɗin fakin da izinin unguwanni su fara aiki. Rufe tituna da manyan gine-gine irin motar igiya su biyo baya, idan alƙaluman mashigar gari sun nuna inda ake buƙatarsu.